Saƙon Sammani da Ban Saurara Har Ƙarshe Ba

Da sunan Allah nake farawa, Wanda ba Ya ƙosawa da sauraron bayinSa komai tsawon maganarsu. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihi ne na Sammani ɗan Nu'uman, mai haƙar rijiya, mutumin Unguwar Aduwa da ke kusa da Wagini a ƙasar Batsari. Na saba rubuta tarihin malamai bayan sun rasu. Sammani ba malami ba ne, kuma yana raye. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kansa shi ne na ɓata masa suna, sunan da ya shekara hamsin yana nema a cikin rami, kuma har yau ban iya mayar masa da shi cikakke ba.

Ni da shi sa'o'in juna ne. Tare muka fara karatu a zauren mahaifina, kuma ya fi ni saurin hadda. Da ya kai izu biyar sai mahaifinsa ya zo ya nemi a sallame shi, domin yana buƙatar mai ja masa kwandon ƙasa daga bakin rijiya. Tun daga ranar hanyarmu ta rabu. Ni na bi littattafai zuwa Katsina da Zariya, na dawo na zauna a garin Batsari ina koyarwa. Shi kuwa ya bi igiya.

Kayan aikinsa ba su da yawa: dagi, da gajeriyar diga, da kwando, da igiya, da wata tsohuwar fitila da yake zurawa cikin rami kowace safiya kafin ya shiga. Idan fitilar ta mutu a ƙasa, ranar babu mai shiga, ko da mai rijiyar zai yi fushi. Yatsu biyu na hannunsa na hagu sun tafi a wata rijiya a Karare, ranar da zoben siminti ya kuɓuce wa masu sauke shi. Ya yi jinyar wata biyu ya koma ya ƙarasa rijiyar.

Amma ba haƙa ce ta ɗaukaka shi ba, sanin inda za a haƙa ne. Idan aka kira shi, yakan fita da sassafe ba takalmi, ya zaga garin shi kaɗai. Ya dubi itatuwan da ba su kaɗe ganye da bazara ba, ya tsaya a gindin suri, ya ɓallo ƙasarsa ya murza, ya ɗora a harshe. Na taɓa tsare shi da tambaya, na ce anya wannan bai yi kama da duba ba? Ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban san gaibu ba. Gara ce ke shiga ƙasa ta ɗebo laka, ni kuwa in tambaye ta daga ina ta ɗebo."

Ban taɓa jin ya ce "akwai ruwa a nan" ba. Kalmominsa biyu ne: ko ya ce "ina kyautata zato", ko ya ce "ban ga alama ba". Idan ya faɗi ta biyun, ba ya haƙa, komai nacin mai wuri. Da haka ya zama daga Karare har Zakka ta ƙasar Safana, duk wanda zai fasa ƙasa sai an tambaye shi, "Sammani ya gani?" Wannan tambayar ita ce dukiyarsa. Ba shi da shanu. Gonarsa ta gero ƙarama ce. Da aikin rani ya ciyar da matarsa Turai, da shi ya yi wa 'yarsa Mahfuza karatu har ta zama malamar firamare a garin.

Da rashin tsaro ya tsananta a yankinmu, mutanen Unguwar Aduwa da yawa suka watse, wasu Batsari, wasu Katsina, wasu har Legas. Sai wani tsohon ɗalibina mai suna Tayyib, da ke fataucin hatsi a Kano, ya buɗe mana zaure a waya, irin wanda yara ke kira guruf. Cikin wata guda muka haura mutum ɗari. Na shiga ina ɗari-ɗari, amma na ga alheri da idona. Ta nan aka yi karo-karo aka rufe ajujuwan makaranta da iska ta yaye. Ta nan ake sanar da wace hanya ce ke da lafiya a ranar kasuwa. Wata jikar garin, Nazifa, ma'aikaciyar jinya a Kano, takan amsa tambayoyin mata masu ciki, ta ce wannan a jira, wannan a ɗauko mashin yanzu.

Matsala ɗaya ta taso. Dattawan da ke gida ba sa rubutun boko, sai saƙon murya, kuma dattijo ba ya shiga magana sai ya gama gaisuwa. Na birni suka ce ba su da lokacin sauraro, na ƙauye suka ce data ba ta isarsu sauke saƙon. Aka yanke cewa duk dattijon da ke da magana ya aiko mini ni kaɗai, in saurara, in taƙaita a rubuce, in sa a zaure. Sun zaɓe ni ne domin sun san na shekara talatin ina koyar da ƙa'idojin riwaya, ina faɗa wa ɗalibai cewa mai naƙalto magana ba ya halatta ya taƙaita ta sai ya kewaye ta da fahimta daga farkonta zuwa ƙarshenta.

A shekara ta uku da buɗe zauren aka zo kan maganar ruwa. Tsohuwar rijiyar garin tana ƙafewa da bazara, mata sai sun yi tafiyar kusan sa'a guda zuwa fadama, kuma sau biyu ana ganin masu bindiga a can. Zaure ya yi ittifaƙi a haƙa rijiyar burtsatse. Mafi yawa suka so a yi ta a filin ƙofar masallaci, domin tsakiyar gari ne, ga sauƙin alwala. Injiniya Almustapha, ɗan garin da ke aiki a Abuja, ya rubuta cewa hanya biyu ce. Ko a jira masu na'urar gwajin ƙasa daga Katsina, waɗanda ke ɗari-ɗarin shigowa kuma za su iya kai mu damina, ko a tambayi Sammani. Ya ce, "Idan Baba Sammani ya ga wurin ya yarda, ni ma na yarda."

Sammani ba shi da waya. Mahfuza ta danna masa tata ta miƙa masa, ta wuce makaranta. Saƙon ya iso mini da hantsi, ina zaune a kan buzuna. Tsawonsa minti shida da 'yan daƙiƙu.

Ya fara da sallama da salati. Ya gaida mai gari, ya gaida liman. Wannan daidai ne, ban ji komai ba, na gyara zama ina jiran sunana. Sai ya gaida Tayyib, ya yi masa ta'aziyyar mahaifiyarsa. Na ce wannan ma yana da fuska. Sai ya wuce kan Almustapha, ina gajiya, ina iyali, yaya ɗawainiya da mu. Sai wani ɗalibina, sai wani, kowanne da tasa addu'ar. Minti uku suka cika. Ya kai kan Nazifa, wadda ni na raɗa wa uwarta suna. A nan na ɗora yatsa na tsayar da saƙon.

Ba zan ƙawata abin da ya shiga zuciyata ba. Na ce a raina, ashe yanzu Sammani ma masu abin hannu yake gani. Ni da muka zauna kan tabarma ɗaya, ni da saƙon ke shigowa wayata, ban kai a ambace ni kafin jikoki ba. Na gaya wa kaina cewa sauran saƙon ma gaisuwa ce, kuma ga ɗalibai suna jira a zauren gidana. Na rubuta wa jama'a cewa: "Malam Sammani ya gaida kowa, ya yi wa aikin addu'a, ban ji ya ambaci wata matsala ba."

Kowace kalma a ciki gaskiya ce a lafazi. Wannan ne ya sa zunubin ya yi mini sauƙin ɗauka. Bayan minti kaɗan Tayyib ya rubuta, "Alhamdu lillahi, tunda Baba Sammani ya amince, a kira masu motar haƙa." Na ga kalmar "amince". Na san ban rubuta ta ba, na san ban ji ta ba. Na yi shiru.

Washegari Sammani ya tafi Karare yashe wata rijiya, aikin mako uku. Yana can motar haƙa ta iso. Kwana uku tana ruri a ƙofar masallaci, ba abin da ke fitowa sai garin dutse, har ya rufe ganyen dalbejiyar da ke wurin. A rana ta huɗu masu aikin suka ce sun wuce zurfin da aka yi da su, babu ko danshi. Suka naɗe kayansu suka bar guntun bututu a tsaye.

Zaure ya ɗauki zafi. Wani matashi, Sharhabilu, da ke tuƙin mashin a Legas, ya rubuta: "Tsoho ya lashi dutse ya ce mana ruwa ne." Wani ya ce zamanin lasar ƙasa ya wuce. Maganar ta fita daga waya ta shiga baki. Ranar kasuwar Batsari, ina daga rumfar masu littattafai, na ji mai shayi yana kiran Sammani da ƙarfi, "Baba, zo ka lasa mana tukunyar nan ka ji ko akwai ruwa a ciki!" Aka yi dariya. Sammani ya ɗaga masa hannun nan mai yatsu uku ya wuce. Ban fito daga rumfar ba.

A nan ne laifina ya ninka. Tun ranar da aka ce ba a sami ruwa ba, zuciyata ta raya mini cewa akwai wani abu a ragowar saƙon. Yana nan a wayata. Sau da yawa nakan buɗe wurin in dube shi, in rufe. Wata biyu ina haka. Ina karantar da babin amana da safe, in kasa danna abu ɗaya da yamma.

Wata ranar Asabar bayan la'asar Mahfuza ta zo gidana. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, tana ta juya waya a hannunta.

Na ce, "Lafiya dai, 'yata?"

Ta ce, "Baba Malam, tambaya gare ni, kuma a gafarce ni. Saƙon nan na Baba, an saurare shi har ƙarshe?"

Na kai dubana ga wayata da ke kan buzu.

Ta ce, "Ni ma ban ji shi ba sai bayan abin ya faru. Na ce zan tura a guruf, ya ce in na tura bai yafe mini ba. Shi ya sa na zo nan. Bai san na zo ba."

Da ta tafi na ɗauko wayar, na ci gaba daga inda na tsaya. Bayan Nazifa ya gaida mutum biyu. Sannan muryarsa ta sauya, ya ce:

"To, Allah gafarta Malam Armaya'u. Na bar ka ƙarshe don da kai za ni magana, kai ne mai alƙalami. Ina gajiya, ina ɗalibai. Malam, ka rubuta masu da kyau yadda za su gane. Ƙofar masallaci ban ga alama ba. Ni da Baba munka haƙa nan sau biyu ina saurayi, a zurfin gaba goma sha biyu munka iske baƙin dutse shimfiɗe kamar tabarma. An ce injin nasu na cin dutse, to amma ban jin akwai komi ƙarƙashinsa. Su koma gabas, bayan gidan Zuwaira mai ƙosai, gindin ɓauren nan mai suri ukku. Can nika kyautata zato. In na yi kuskure Allah Ya yafe mani. Kai kuma ka gyara mani Hausar, ka san ni ban yi nisa ba."

Al'ada ce da na sani tun ina yaro. Idan mutum ya shiga taro da buƙata, yakan sallami kowa da gaisuwa, ya ajiye wanda ya zo dominsa a ƙarshe, don ya zarce da maganar ba tare da ya yanke ta ba. Mahaifina haka ake masa. Girmamawar da na yi fushin rashinta, ita ce Sammani ya tanadar mini.

Duk da haka sai da na ƙara kwana tara. Na tuba ga Allah a daren farko, amma na fi kowa sanin cewa haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. A rana ta goma na hau mashin ɗin haya zuwa Unguwar Aduwa. Na same shi a zaure yana tufka igiya.

Ya ɗago ya ce, "Malam da kansa bisa mashin? Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba wanda ya rasu. Laifi na kawo."

Ya jawo mini tabarma. Na faɗa masa komai, ban rage ba, har abin da na raya game da shi da masu abin hannu. Yana sauraro yana murza igiyar a cinya. Da na gama ya ce, "A kan wa ka tsaya?"

"A kan Nazifa."

Ya ƙyalƙyale da dariya har ya yi tari. "Kash! Saura mutum biyu ka iso kanka. Da ma tun muna yara ba ka da haƙurin jiran layi."

Na ce, "Me ya sa ka hana yarinya ta tura?"

Ya ce, "Yaran nan duk ɗalibanka ne. In sunka daina yarda da rubutunka, wa zai kai masu maganar tsofaffi? Ni rijiya guda na rasa. Na yafe, Malam, duniya da lahira."

Sai muryar Turai ta fito daga bayan asabari. Ashe tana ji. Ta ce, "Rijiya guda? Malam, ka tambaye shi mutanen Zakka. Sun riga sun sa rana, suka aiko wai sun fasa. Tun da abin nan ya faru ba wanda ya tako ƙofar gidan nan da maganar aiki. Jikokinsa waƙa ake masu a makaranta."

Sammani ya ce, "Ke Turai, baƙo ne fa."

Ta ce, "Na san baƙo ne, na kuma ji ka yafe. Amma ba a zauren nan aka zage ka ba. A waya aka zage ka, gaban mutum ɗari."

Ban taɓa jin fatawar da ta fi wannan daidai ba. Kafin in bar garin na nemi inda sabis ke kamawa, a kan wani tudu bayan makaranta, na tura saƙon Sammani gaba ɗayansa cikin zaure. A ƙarƙashinsa na rubuta cewa ya hana a haƙa a ƙofar masallaci, ya nuna wani wuri, ni ne na yanke saƙon saboda girman kai, na rubuta abin da ban kewaye da saninsa ba, kuma na ga ana zaginsa wata biyu na yi shiru.

Abin da ya biyo baya ya fi zagi yi mini ciwo. Kafin magariba saƙonni sun fi hamsin, kuma kusan dukkansu ni ake lallashi. Wannan ya ce ajizanci ne, wancan ya ce wannan tawali'u sai manyan malamai. Har aka sami mai cewa a yi koyi da ni. Almustapha kaɗai ya ce shi ma yana da kaso a laifin, tunda bai nace a kan gwaji ba. Sharhabilu ya rubuta layi ɗaya, "Baba Sammani a yi haƙuri." Ni da na yi laifin na fita da ƙarin daraja, shi da aka zalunta ya sami layi ɗaya.

Zauren dai ya gyara tsarinsa. Yanzu duk saƙon dattijo mutum biyu ke sauraro, kuma ana sa muryar tare da taƙaitawar. Na nemi a sauke ni, suka ƙi, na sauke kaina. Da rani ya zagayo aka sake haɗa ƙarfi, aka kawo masu na'ura, suka gwada, na'urar ta nuna gindin ɓauren da ke bayan gidan Zuwaira. A rana ta biyu da fara haƙa ruwa ya yi tsiri. Yau akwai tanki da sola a wurin, mata sun daina zuwa fadama.

Sai dai zagin ya yi tafiya da baki zuwa kasuwanni da ƙauyuka, gyaran kuwa ya tsaya a cikin waya. Mutanen Zakka ba sa cikin zaurenmu. Na je da ƙafata na sami limaminsu na yi masa bayani, ya saurare ni da ladabi, ya ce ai tuni wani ya haƙa masu. Rani biyu Sammani ya yi ba a kira shi ba. A na uku aka kira shi wani ƙauye, ya je ya nuna wuri, amma gwiwoyinsa suka ƙi saukar da shi rami. Ashe waɗancan ranin biyu su ne suka rage masa na aiki. Yanzu igiya yake tufkawa yana sayarwa ranar kasuwa, kuma idan na je gaishe shi, shi ke fara yi mini wasa don kada in ji nauyi.

A kan sabon tankin an rubuta sunan ƙungiyar 'yan garin. Guntun bututun ƙofar masallaci kuwa yana nan, ana ɗaure jakuna a jikinsa, kuma ya sami suna. Watan jiya na sauka daga mashin a wurin, na ji wata mata tana yi wa baƙuwa kwatance, tana cewa, "In kin kai bohol ɗin Sammani sai ki yi dama."

Na matsa na yi mata sallama. Na ce, "Baiwar Allah, wannan ba na Sammani ba ne. Nasa shi ne wanda kike ɗiban ruwa a gindin ɓaure. Wannan busasshen ni na sa aka haƙa. In dole sai an ba shi suna, a ce na Malam Armaya'u."

Ta rusuna ta ce, "To, Allah gafarta Malam, na ji. Amma in na faɗi haka ba wanda zai gane inda nake nufi."

Na tsaya a wurin har suka wuce. Ina roƙon duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, musamman a Zakka da Karare da Wagini, ya karanta ta a bayyane ga waɗanda ba sa karatu. Allah Ya saka wa Sammani da abin da na kasa mayar masa, ni kuma Ya yi mini sassauci ranar da za a tambaye ni.